METALLICA DA MEGADETH: Gabar da aka ƙulla a tashar mota

Mai karatu, in ka taɓa zama a majalisar da ake musun wa ya fi iya waƙa tsakanin Mohammed Rafi da Kishore Kumar, to ka san halin irin wannan gardama. Ba a gama ta, sai dai dare ya raba, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Su ma Turawa suna da tasu. Sama da shekara 40 ke nan masu sha'awar wani kiɗa da ake kira hebi metal suna kai ruwa rana a kan ƙungiyoyi biyu na ƙasar Amurka, wato Metallica da Megadeth. An yi ta a mujallu, an yi ta a gidajen rediyo, yanzu kuma ta koma intanet. Abin da ya raba wannan gardama da ta su Rafi shi ne, waɗannan ƙungiyoyi daga tsatso ɗaya suka fito. Mutumin da ya kafa ta biyun, daga ta farkon aka koro shi, kuma bai ɓoye ba cewa don ramuwar gayya ya kafa ta.

Bari mu ɗan faɗi mene ne kiɗan, don na san ba kowa ya saba da shi ba. Ma'anar sunan ita ce ƙarfe mai nauyi, kuma masana da dama na ganin a Bamingham ta Ingila aka haife shi, garin maƙera da masana'antu, lokacin da ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a watan Fabrairu 1970. Mai kaɗa masu jita, Tony Iommi, injin yanka ƙarfe ne ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Sai ya yi wa yatsun 'yan huluna na roba, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don kada ta riƙa cin hannunsa, wannan kuwa ya ƙara wa sautin kauri da duhu. Kayan aikin ba su da yawa: jita mai aiki da lantarki, galibi guda biyu, da jitar bes mai babbar murya, da ganguna. Ginshiƙin waƙa shi ne abin da suke kira rif, wani ɗan gajeren kari da ake maimaitawa, kusan kamar taken da makaɗi kan yi wa ɗan dambe. Sannan akwai solo, inda gwanin jita ke warewa shi kaɗai ya nuna bajintar yatsunsa. Ka riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin a kansu rabin gardamar take.

A ƙarshen shekarun 1970 wasu sabbin ƙungiyoyi sun taso a Ingila, irin su Iron Maiden da Motörhead da Diamond Head, suka ƙara wa kiɗan sauri. Cikin waɗanda abin ya ɗauke wa hankali har da wani yaro ɗan ƙasar Denmak mai suna Lars Ulrich, ɗan wani shahararren ɗan wasan tanis, wanda iyayensa suka koma Kalifoniya da zama a 1980 da fatan shi ma zai gaji ubansa. Yaro ya ajiye tanis ya kama ganguna. A 1981 ya ba da cigiya a wata jaridar talla ta Los Anjalis mai suna The Recycler, yana neman abokan kiɗa. Ta nan ya haɗu da James Hetfield, wani matashi mai kunya wanda mahaifiyarsa ta rasu da ciwon daji yana ɗan shekara 16, bayan ta ƙi zuwa asibiti saboda aƙidar ɗariƙarsu ta Christian Science da ba ta yarda da magani ba. A watan Oktoba na wannan shekara suka kafa Metallica. Da suka sake cigiyar gwanin jita, sai ga Dave Mustaine.

Shi Mustaine, haihuwar 1961, tashin wahala ne. Ubansa mashayi ne, uwar ta yi ta ƙaura da 'ya'yanta daga wannan gida zuwa wancan don guje masa, shi kuwa tun yana saurayi ya fara sayar da ƙwaya don ya ci abinci. Amma fa in ya riƙe jita, sai ka rantse da ita aka haife shi. Ana ba da labarin cewa ran da ya je gwaji, yana cikin ɗumama hannu ne kawai aka ce masa an ɗauke shi. A wasanninsu na farko shi ne mai yi wa 'yan kallo magana, don Hetfield kunya ba ta barin sa. A 1982 suka ɗauki wani kaset na gwaji mai suna No Life 'Til Leather. Ba kamfani, ba talla. Masoya ne suka riƙa kwafar kaset ɗin suna aika wa juna ta gidan waya har ya ƙetare teku. Ka tuna da wannan ma, za mu dawo kansa.

Matsalar ita ce barasa. Dukkansu suna sha, har ta kai daga baya ana yi wa ƙungiyar laƙabi da Alcoholica. Sai dai sauran in sun bugu wasa da dariya suke yi, shi kuwa Mustaine rigima yake nema. Akwai ranar da karensa ya hau motar mai kaɗa masu bes na lokacin, Ron McGovney, Hetfield ya kai wa karen shuri, Mustaine ya naushe shi a baki. Akwai kuma ranar da ya tuttula giya a cikin jitar McGovney ɗin. McGovney ya gaji ya tafi, aka ɗauko Cliff Burton a madadinsa, wanda ya kafa sharaɗin sai ƙungiyar ta komo yankin San Faransisko kafin ya shiga. Suka koma.

A farkon 1983 wani mai shagon faifai a jihar New Jersey, Jon Zazula, ya ji kaset ɗin nan ya kira su gabas don a yi faifai na gaske. Suka ɗauki hanya a motar haya tun daga wannan gaɓar Amurka har waccan. A safiyar 11 ga Afrilu 1983, a birnin Niyok, abokan Mustaine suka tashe shi daga barci suka ce masa an sallame shi. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2010 ya ba da labarin yadda ya tambaye su ƙarfe nawa jirginsa zai tashi, aka ce masa ai tikitin bas aka yankar masa. Hetfield ne ya kai shi tasha. Tafiyar kwana huɗu ce zuwa Kalifoniya a bas ɗin Greyhound, ga shi ba kuɗin kirki a aljihu. Kafin ma a kore shi an riga an kira Kirk Hammett na ƙungiyar Exodus ya zo ya maye gurbinsa.

To mai karatu, a cikin bas ɗin nan aka haifi Megadeth. Mustaine ya tsinci wata takardar siyasa ta Sanata Alan Cranston na Kalifoniya da ke magana a kan makaman nukiliya, a ciki ya ga wata kalma da masana yaƙi ke amfani da ita wajen ƙirga mutuwar mutum miliyan ɗaya. Ya cire mata harafi guda, ta zama sunan ƙungiya. A Los Anjalis ya haɗu da David Ellefson, ɗan manoma daga Minnesota, wanda ke zaune a ɗakin da ke ƙarƙashin nasa. Farkon haɗuwar tasu ma da rigima ne: Ellefson na gwajin bes da sassafe, Mustaine ya wurgo masa tukunyar fulawa ta taga. Sun yi watanni suna neman mawaƙi ba su samu wanda ya gamshe shi ba, ala tilas ya kama waƙar da kansa. Burinsa a lokacin ɗaya ne tak, ya fi Metallica sauri, ya fi su nauyi.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne faifan Metallica na farko, Kill 'Em All, da ya fito a watan Yuli 1983. Waƙoƙi huɗu a ciki na ɗauke da sunan Mustaine cikin marubuta. Faifai na biyu, Ride the Lightning na 1984, shi ma akwai biyu. Mustaine ya sha faɗa cewa ya gargaɗe su kada su taɓa kiɗansa, suka taɓa. An dai sa sunansa, ana kuma biyan sa haƙƙinsa, amma shi gani yake kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kana son ka ji bambancin ƙungiyoyin biyu cikin minti goma sha biyu, ga hanya mafi sauƙi. Akwai wata waƙa da Mustaine ya tsara tun kafin ya shiga Metallica. Su suka sauya mata baiti, suka ƙara mata wani sashe mai sanyi a tsakiya, suka kira ta "The Four Horsemen". Shi kuma ya fitar da ita da sunanta na asali, "Mechanix", a faifan Megadeth na farko a 1985, ya ƙure mata gudu kamar ana bin sa da wuƙa. Ta Metallica gini ce mai ɗakuna, ana shiga ana fita. Ta Megadeth kuwa naushi ne.

Wancan faifan farko na Megadeth, dala 8,000 kamfanin Combat ya ba su don yin sa, suka kashe kusan rabi a ƙwaya da barasa da abinci, suka kori mai tsara sautin suka ƙarasa da kansu. Kuma ana jin haka a sautin. Amma a 1986 abin ya zama na manya. A watan Maris Metallica ta fitar da Master of Puppets, wanda aka ɗauka a Kofanhegan. A watan Satumba Megadeth ta mayar da martani da Peace Sells... but Who's Buying?, tare da wasu makaɗa biyu da suka fito daga kiɗan jaz, Chris Poland da Gar Samuelson, waɗanda suka ba kiɗan wata irin lanƙwasa da Metallica ba ta da ita. Tashar MTV ta yi shekaru tana buɗe labaranta da karin bes na babbar waƙar faifan. Wannan salo mai gudu shi aka sa wa suna tirash, kuma ƙungiyoyi huɗu aka ɗauka a matsayin manyansa: waɗannan biyu, da Slayer, da Anthrax.

A nan ya kamata mu tsaya a kan Cliff Burton, don a ganina duk mai son ya yi wa gardamar nan adalci sai ya bi ta kansa. Shi ne ya fi kowa ilimin kiɗa a Metallica, ya karanci ƙa'idojinsa, yana sauraren tsofaffin gwanaye irin su Bach. Shi ya koya wa sauran yadda ake jera sautin jita biyu su tafi tare kamar amshi, da yadda ake sassauta waƙa a tsakiya don in an dawo da ƙarfi ta fi duka. Saurari "Orion", wadda babu murya a cikinta ko kaɗan, fiye da minti takwas, za ka ji abin da nake nufi. A safiyar 27 ga Satumba 1986, suna rangadi a Suwidin, bas ɗinsu ta ƙwace a kusa da garin Ljungby. Burton na barci a gadon da ya ci a hannun Hammett da karta a daren. Ya faɗo ta taga, motar ta danne shi. Shekararsa 24. Allah Sarki. Babu wanda ya kira Mustaine daga cikin tsofaffin abokan nasa ya sanar da shi, a bakin wani ya ji. A zama ɗaya ya tsara kiɗan "In My Darkest Hour", wadda har gobe tana cikin waƙoƙinsa mafi taɓa zuciya.

Metallica ta ɗauki Jason Newsted, kuma baƙin cikinsu a kansa suka huce. A faifan ...And Justice for All na 1988 an danne sautin bes ɗinsa har kusan ba a jin sa. Duk da haka faifan ya karɓu, musamman waƙar "One", labarin sojan da yaƙi ya raba da hannuwa da ƙafafu da ido da baki, wadda suka yi wa bidiyonsu na farko da yankuna daga fim ɗin Johnny Got His Gun na 1971. A bikin Grammy na 1989 kowa ya sa rai su za su ci, sai aka ba Jethro Tull, ƙungiyar da aka fi sani da busa sarewa. Abin ya zama abin dariya har yau.

Shi kuwa gogan naka, gwano ba ya jin warin jikinsa. Mutumin da aka kora saboda maye, a 1987 ya kori Poland da Samuelson saboda maye, alhali shi ma yana ciki tsundum. Waɗanda ya ɗauko a madadinsu ma ba su wuce faifai ɗaya ba. A 1989 aka kama shi yana tuƙi a buge, kotu ta tura shi gidan gyaran hali. Da ya fito da ɗan hankalinsa, ya samu Nick Menza a ganguna da Marty Friedman a jita, suka yi Rust in Peace a watan Satumba 1990. Kai, mai karatu, in ana maganar gwanintar hannu zalla, ban san wani faifan tirash da ya kamo wannan ba. Friedman na da wani salo na lanƙwasa sauti da ya tsinto daga kiɗan gabashin duniya, musamman na Japan, ƙasar da daga baya ya koma da zama. Solon da ya yi a "Tornado of Souls" ɗalibai na koyon sa kamar hadda. Waƙar da ta buɗe faifan, "Holy Wars... The Punishment Due", ta samo asali ne daga wata katoɓara da Mustaine ya yi a Antrim ta Ireland ta Arewa a 1988, inda ya sadaukar da waƙa ga wata fafutika da bai fahimci ta 'yan IRA ba ce, wuri ya hargitse, sai a mota mai sulke aka fitar da su. Ya koma ya yi waƙa a kan masu kashe juna da sunan addini.

A wannan shekara za ka iya cewa ya cika alƙawarin da ya yi a bas. Ya fi su sauri, ya fi su ƙwarewa. Sai kawai Metallica ta sauya filin wasan.

Sun ɗauko Bob Rock, mai tsara sautin da ya yi aiki da Bon Jovi da Mötley Crüe, suka shafe wajen wata tara a situdiyo, aka kashe kimanin dala miliyan ɗaya. Suka rage gudu, suka gajarta waƙoƙi, Hetfield ya koyi rera waƙa maimakon ihu, har da ta soyayya, "Nothing Else Matters". Faifan ya fito ranar 12 ga Agusta 1991 da baƙin bango, shi ya sa ake ce masa Baƙin Faifai. Ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard nan take. A 2009 ya zama faifan da ya fi kowane ciniki a Amurka tun da aka fara ƙirga ciniki da na'ura a 1991, kuma zuwa 2012 an shaida ya kai kwafi miliyan 16 a ƙasar kaɗai. Wata guda da 'yan kwanaki bayan fitowarsa suka yi wasa a filin jirgin Tushino na Mosko, gaban dubban ɗaruruwan mutane, ana saura wata uku Tarayyar Sobiyet ta wargaje.

Me Mustaine ya yi? Ya bi sahu. Countdown to Extinction na 1992 shi ma an rage gudu, an gyara sauti, ga "Symphony of Destruction" da kowane gidan rediyo zai iya sawa. Faifai ne mai kyau, ya sayar da sama da miliyan biyu a Amurka, wanda kowane mawaƙi zai yi sujadar godiya a kai. Amma a lamba biyu ya tsaya, wani mawaƙin kiɗan ƙauyen Amurka, Billy Ray Cyrus, ya tare masa hanya. Mustaine da bakinsa ya ce abin da ya fara zuwa ransa shi ne Metallica ta samu lamba ɗaya shi bai samu ba. A nan ne nake ganin gabar ta cuce shi. Da ma'aunin da ya ɗauka gwaninta ne, da tun 1990 ya huta. Da ya ɗauki ma'aunin ciniki, sai ya shiga tseren da wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne Metallica ta sayar da faifai sama da miliyan 125 a duniya, Megadeth wajen miliyan 50. Miliyan 50 fa! Amma mai su yana kallon kansa a matsayin wanda ya faɗi.

Shekarun da suka biyo baya kowa ya yi nasa tuntuɓen, ba sai mun daɗe a kai ba. Metallica sun aske gashi a 1996 suka fitar da Load, tsofaffin masoya suka ce an sayar da su. Megadeth ta yi Risk a 1999, wanda ko masu ƙaunarta ba su cika kare shi ba. Sai rikicin Napster a 2000, lokacin da Metallica ta kai ƙarar wannan kamfani da ke ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, Ulrich ya kai masu sunayen masu amfani da shi sama da 300,000 a cikin kwalaye, ya kuma je gaban kwamitin Majalisar Dattawa. Aka yi masa ca, ana cewa ƙungiyar da kwafar kaset ta ɗaukaka ita ce yau ke farautar masu kwafa. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk wanda ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar finafinanmu a Kano zai yi wuya ya ce mutumin nan bai hango wani abu ba.

Tunda mujallar fim kake karantawa, nemi Some Kind of Monster na 2004, wanda Joe Berlinger da Bruce Sinofsky suka shirya. Fim ne na gaskiya da ya bi Metallica lokacin da ta kusa rushewa: Newsted ya fita a 2001, Hetfield ya tafi gidan gyaran hali saboda barasa, sun ɗauki wani mai sasanci, Phil Towle, suna biyan sa dala 40,000 a wata don ya koya masu yadda za su yi magana da juna. A ciki akwai fitowar da Ulrich ya zauna da Mustaine a watan Satumba 2001. Mutum mai shekara 40, mai faifan zinare da na filatinam, yana gaya wa wanda ya kore shi cewa shekara 18 yana fama, yara na yi masa ihun sunan Metallica a titi don su tsokane shi, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ba a taɓa yi masa gargaɗi ko a ba shi damar gyarawa ba. Ga shi kuma Hetfield, da aka kyale shi ya je ya nemi magani ƙungiya na jiran sa. Daga baya Mustaine ya yi fushi da yadda aka yanka fitowar, ya ce an nuna shi kamar mai kuka. Ni kuwa a ganina ita ce fitowa mafi gaskiya a fim ɗin.

A 2002 jijiyar hannunsa na hagu ta lalace bayan ya yi barci da hannun a rataye a bayan kujera, likitoci suka yi shakkar zai sake kaɗa jita. Ya rusa Megadeth, ya rungumi addinin Kirista da gaske, ya sake koyon kiɗa da hannun, ya dawo a 2004. Da aka shigar da Metallica zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2009, ba a sa sunansa ba, don bai kaɗa a ko ɗaya daga faifansu ba. An gayyace shi ya zo kallo, bai je ba. Sulhu ya zo a 2010, da manyan huɗun nan suka hau dandali ɗaya a karon farko a Warso ranar 16 ga Yuni, kwana shida bayan haka kuma a Sofiya ta Bulgeriya Mustaine da Hetfield suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kaɗa wata tsohuwar waƙar Diamond Head. A Disamba 2011 ya hau dandali da su a San Faransisko wajen bikin cikarsu shekara 30. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Shirin sake fitar da tsohon kaset ɗin nan na 1982 a faɗaɗe ya wargaje, Mustaine ya ce saboda ana so a sa sunan Ulrich a waƙoƙin da shi kaɗai ya rubuta. Ko a Grammy na 2017, da Megadeth ta ci kyautarta ta farko da "Dystopia" bayan an sha sa ta takara tana faɗuwa, yana tafiya karɓa makaɗan zauren suka saki "Master of Puppets". Ya dai yi murmushi ya riƙa kaɗa jitar iska.

To wa ya fi? Ba zan yi maka kwana-kwana ba. A wajen solo da sarƙaƙiyar rif, Megadeth ce, kuma ba kusa ba. Hammett gwani ne, ɗalibin Joe Satriani ne ma, amma bai kai Friedman ko Poland ba. A ganguna ma haka, kusan duk wanda ya zauna wa Mustaine a kujerar ya fi Ulrich hannu, ko da yake aikin Ulrich na gaske shi ne tsara waƙa, ya san inda za a yanke da inda za a maimaita. A murya Hetfield ya yi nisa. Muryar Mustaine ta hanci ce, kamar mai magana yana cije haƙora, wasu na son ta don ta dace da habaicin da yake yi wa 'yan siyasa, wasu kuwa ita ce ke korar su tun a waƙar farko. A ma'anar waƙa, Mustaine ɗan jarida ne, yaƙi da nukiliya da maƙarƙashiyar gwamnati. Hetfield kuwa cikin zuciya yake tonowa: "Master of Puppets" a kan yadda ƙwaya ke mayar da mai shan ta bawa, "The God That Failed" a kan rasuwar mahaifiyarsa, "Creeping Death" a kan annobar da ta sauka wa mutanen Fir'auna, wadda suka tsara bayan sun kalli fim ɗin The Ten Commandments. Wata ma daga littafin Ernest Hemingway suka ɗauko sunanta da jigonta.

Akwai wani abu kuma da magoya bayan Megadeth ba sa son a taɓo. Metallica ƙungiya ce. Tun 1983 kujerar bes kaɗai ta sauya hannu, daga Burton zuwa Newsted zuwa Robert Trujillo a 2003. Megadeth kuwa mutum ɗaya ne da ma'aikatansa, sama da makaɗa 20 sun shiga sun fita, har Ellefson da aka fara da shi ya kai shi ƙara a 2004, ya dawo a 2010, aka sake sallamar sa a 2021. Wanda ya yi shekaru yana kukan an kore shi ba gargaɗi, shi ya fi kowa kora.

Hukuncina, Metallica ce a gaba, amma ba don Baƙin Faifai ko yawan ciniki ba. Don faifai biyu ne, na 1984 da na 1986, lokacin da Burton ke raye. Magoya bayan Mustaine kan ce ai da kiɗansa aka gina gidan. An gina harsashi da shi, wannan gaskiya ne. Amma Master of Puppets babu sunansa a ko waƙa ɗaya, duk da ya yi iƙirarin wani rif a "Leper Messiah" wanda su suka musanta, kuma shi ne faifan metal na farko da ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya zaɓa don adanawa a matsayin kayan tarihi, a 2016. A 2022 ma da aka sa babbar waƙarsa a shirin Stranger Things, yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi ta suka ɗauke ta har ta shiga jadawalin waƙoƙi 100 na Billboard a karon farko. Amma in ka ce mini faifai ɗaya tak zan ba mai koyon jita, Rust in Peace zan miƙa masa. Kuma daga 2004 zuwa yau, in aka jera abin da kowa ya fitar, Endgame na 2009 da Dystopia na 2016 ba sa jin kunyar komai na Metallica, balle a zo ga Lulu, aikin da suka yi da Lou Reed a 2011, wanda gara kada mu tayar da shi.

Metallica ta jera faifai shida a lamba ɗaya daga 1991 zuwa 2016. Na bakwai, 72 Seasons na 2023, a lamba biyu ya tsaya, kuma ka san wa ya tare shi? Wani mawaƙin kiɗan ƙauye, Morgan Wallen. Shi kuwa Mustaine, bayan ya yi jinyar ciwon dajin maƙogwaro a 2019, a watan Agusta 2025 ya ba da sanarwar cewa faifai na gaba shi ne na ƙarshe, daga nan sai rangadin bankwana. Faifan ya fito ranar 23 ga Janairu 2026 da sunan ƙungiyar kawai, Megadeth, ya kuma hau lamba ɗaya a Billboard, karo na farko a tarihinta, kusan shekara 43 bayan tafiyar bas ɗin nan. A ƙarshensa akwai ƙarin waƙa guda, "Ride the Lightning", ta Metallica ta 1984, wadda sunansa ke cikin marubutanta amma bai taɓa ɗaukar ta a faifai ba. Ya ce don girmamawa ya yi ta, musamman ga Hetfield. Ya kuma ɗan ƙara mata sauri.